Baƙin Babur a Ɗakin Baba Yamusa

Obalende, Legas
9 ga Satumba, 1991

Zuwa ga Gwaggona Christina,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya ƙafar nan da ke damunki in damina ta yi nisa? Yaya Baba Yamusa da sauran mutanen gida? Ni lafiyata ƙalau, sai murar da ba ta barin mutum a garin nan.

Maganar da aka daɗe ana yi ta tabbata. An kafe sunaye a ma'aikatarmu, nawa na ciki, kafin ƙarshen shekara za mu tare a Abuja. Kin yi shekaru kina kirana gida ban samu zuwa ba, yanzu ga gwamnati da kanta za ta ɗauko ni ta ajiye a bayan gonarmu. Sai dai har yau ba a raba mana gidaje ba. An ce za a loda kayanmu a tirela a jibge a sito, ni kuwa na ga yadda masu lodin nan ke jifa da kujerun ofis, hankalina bai kwanta ba.

Shi ya sa zan ba Godfrey, direban da ke kai mana fayiloli Abuja, wani kwali ya sauke miki a Jiwa. Gwaggo, don Allah kada ki yi dariya. Babura ne guda bakwai a ciki, ƙanana, na 'yan bulon roba da ake haɗawa ɗaya kan ɗaya, waɗanda ake kira Lego. Masu yin su don yara suke yi, amma waɗannan nawa ne, ni nake tara su. Duk na hannu ne. Ina samunsu a wurin Turawan da suka gama aiki suna gwanjon kayan gida, wani lokaci kuma a kasuwa cikin tarkace.

Ajiya ce nake ba ki. Ki sa kwalin a ƙarƙashin gado, inda rana ba ta kaiwa, nesa da murhu. Rana na kashe musu launi, zafi na lanƙwasa su. Kada a wanke, kada a buɗe, kada yara su gani. Akwai babba a cikinsu, baƙi, mai kwando a gefe. Shi ne ran kwalin gaba ɗaya.

Ta gidan waya zan aiko da wannan, domin Godfrey sai mako mai zuwa zai tashi, ina so takardar ta riga shi isowa.

Naki ɗa,
Salisu Kure


Jiwa
28 ga Satumba, 1991

Ɗana Salisu,

Gaisuwa daga ni da dukan gida. Muna nan lafiya, mun gode Allah. Ƙafata na nan da halinta, amma ranar Talatar da ta wuce na manta da ita sarai, har rawa na taka.

Tsarabarka ta iso! Direban nan mai dogon wuya ya tsaya a bakin hanya, ko injin bai kashe ba, ya ce, "Mama, oga ya ce a ba ki," ya wuce. Na tambaye shi takarda, ya ce babu. Na ce to, halin ubanka ne, shi ma haka yake aiko da abu ba magana.

Na yi yadda ake yi a gidanmu tun kakanni. Ban buɗe ni kaɗai ba. Na aika aka kira kowa, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da Yaya Yamusa aka zaunar da shi, sannan na yanka igiyar. Salisu, ban taɓa jin gidan nan ya yi tsit haka ba. Kowane babur naɗe da tsohuwar singiletinka kamar jariri. Da na kwance na farko, matan gida suka saki guɗa. Na ce da su, ku da kuke cewa Legas ta cinye ɗan Kure, ku buɗe ido ku gani. Tuzuru ne, ba mata ba ɗa, amma ya tuna yaran gida ɗaya bayan ɗaya.

Ka san babba ne ke fara ɗauka. Yaya ya daɗe yana kallo, sai ya miƙa hannu kan baƙin nan mai kwando. Mun zaci zai miƙa wa wani jika. Ina! Ya rungume abinsa, ya ce a mai da shi ɗaki. Sauran na raba gida-gida, ban bar kowa ba. Biyu sun tafi Jikwoyi wurin 'ya'yan Juliet, ɗaya Sheda gidan Abraham, uku suna nan Jiwa. Mai ruwan ɗorawa tagwayen Rosemary suka yi ta ja, sai ya rabe biyu a hannunsu. Na tsorata, amma na ga ashe haka aka yi shi, sai na ba kowa rabi, rigima ta mutu.

Tukuici kuwa har ya fi ƙarfin ɗakina. Doya ta kai rabin bango, ga zabi biyu, ga zuma a kwalba. Yaya Yamusa bunsuru ya aiko, ya ce a ɗaure maka har ka zo. Yana nan yana cinye mini ganyen kabewa.

Yanzu ka ba ni amsa, don abin ya tsaya mini a rai. Me ya sa in an tura baƙin nan wani abu ke hawa da sauka a cikinsa, alhali ba batir ba mai? Wa ya zauna ya yi masa sarƙa ƙanƙanuwa haka? Kuma ina ka samo su har bakwai, ko a Legas a kan hanya ake tsintarsu?

Zan ba direban wannan in ya biyo. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mace ta gari, ko da ta Legas ce.

Gwaggonka,
Christina


Obalende, Legas
7 ga Oktoba, 1991

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ina fatan kowa lafiya. Ni dai tun da Godfrey ya miƙo mini takardarki ban san ko lafiya nake ba.

Takardata ba ta iso ba ke nan? Na rubuta miki tun farkon Satumba. Gwaggo, ba tsaraba ba ce! Ajiya ce. Nawa ne, na kaina, shekara da shekaru ina tara su. Na karanta inda kika ce kin ba tagwaye rabi-rabi, sai da na tashi daga teburina na fita waje. Abokin aikina ya biyo ni yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Na tare Godfrey na ce me ya sa bai yi bayani ba. Ya ce, "Oga, kai ka ce in ba Mama, na ba Mama." 

Ina roƙonki, ki bi gida-gida ki tattaro mini su tun ba su watse ba. Ko ƙwaya ɗaya ta ɓace, babu shagon da ake sayar da ita a ƙasar nan. Ki ce kuskure aka yi. Doya da zabi a mayar wa masu su, bunsuru ma haka. In na zo zan kawo wa yara alewa da ƙwallo, abin da ya dace da su.

Ki fara da baƙin. Ki yi haƙuri da gajartar takardar.

Salisu


Jiwa
26 ga Oktoba, 1991

Salisu,

Muna lafiya. Na amsa gaisuwarka, ko da yake guntuwa ce.

Takardunka biyu rana ɗaya suka shigo hannuna. Ta farkon tana cikin akwatin coci, wanda duk unguwa ke karɓar wasiƙa ta cikinsa, mai riƙe da makullin kuwa ya tafi jana'izar surukinsa ya yi wata guda. Na karanta su a jere, na zauna a kan turmi na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Na yi duka biyun.

Da farko raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. "Ki ce kuskure aka yi." Da wane baki? Ni na tara mutane, ni na yi guɗa, ni na tsaya bayan sujada ranar Lahadi na ba da shaida cewa ɗan ɗan'uwana ya tuna da mu. Limamin unguwa ma ya sa maka albarka a masallaci, Malam ɗin da kansa ya zo ya gaya mini. Ka daɗe a Legas har ka manta: a nan kyautar da aka ba da a tsakar gida ba a bin ta a karɓo. Wadda ta yi haka, har ta mutu da shi za a riƙa tuna ta. Doyar da kake cewa a mayar kuwa, baƙin da suka zo taya murna sun ci rabi da sunanka. Zabuwa ɗaya ma ta shiga miya.

Kuma wa zai taɓa zato? Namiji mai gemu, ma'aikacin gwamnatin tarayya, yana naɗe kayan wasa a singileti! Da ka ce kaji kake kiwo ko tantabaru, da na gane.

Duk da haka na ɗaura zani na zaga, kamar mai ziyara, don in ga halin da suke ciki. Ka zauna kafin ka karanta. Jan babur ɗin an manta shi a kan rufin akurki, ya koma kalar bakin agwagwa. Juliet mace ce mai tsabta, ta ga ƙura a jikin shuɗin, ta tafasa ruwa ta wanke shi tas da omo, yanzu ƙafarsa ta gaba tana kallon Karshi. Na tagwaye ya zama jirgin sama, sannan ya zama gida, jiya kuma na ga wani yanki nasa a wuyan 'yar tsana. Matar Abraham ce kawai ta saka nata a kabad tsakanin tangaran, ba mai taɓawa.

Saura baƙin. Salisu, ka san tun da ƙafafun Yaya suka hana shi zuwa gona bara, ya zama mutum mai shiru. Ya wuni yana kallon bango, abinci sai an yi da gaske. Yanzu fa? Ya sa an kawo masa ɗan benci ya ɗora babur a kai. Da safe ya share shi da gashin kaza, in rana ta shigo ta taga ya rufe shi da tsohuwar hularsa, ba wanda ya koya masa. Tsofaffin unguwa na zuwa kallo, yana tura musu shi a hankali, amma ba ya barin kowa ya taɓa. Ranar nan na same shi ya cire ƙafar baya yana leƙen ciki. Gabana ya faɗi. Ya ce, "Christina, kar ki ji tsoro, na san inda ya fito," ya mayar da ita ƙwas.

Ya ba ni tambayoyi in aiko maka. Kwandon gefen na mene ne, na doya ko na mutum? Akwai babban irinsa da ake hawa, ko Bature ne ya yi mafarkinsa? In akwai, yaya yake shan kwana da ƙafa uku? Ni ma ina son ji, kuma tawa tambayar ta abin da ke hawa da sauka har yanzu ba ka amsa ba.

Ban ce masa komai ba tukuna.

Gwaggonka,
Christina


Obalende, Legas
14 ga Nuwamba, 1991

Zuwa ga Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa, wadda za ta biya ta wancan karon. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi yanzu da ruwa ya ɗauke. Ki yafe mini zafin takardata ta baya. Ofishinmu ya zama kamar tasha, ko'ina kwalaye, kowa na faɗa da kowa a kan wanda zai samu gida a Garki da wanda za a tura Nyanya.

Na karanta labarin shuɗin da Juliet ta yi wa wankan jego. Na yi jimami kwana biyu, a na uku na kama kaina ina dariya ni kaɗai a cikin bas. Shidan nan na bar su, har zuciyata. Yara su more. Ki dai gaya wa Juliet ruwan sanyi da tsohon buroshin haƙori ya isa, a shanya a inuwa.

Ga amsar Baba. Kwandon na mutum ne, a ciki fasinja ke zama, amma in doya ya ga dama ya zuba ba mai hana shi. Akwai babban irinsa, na taɓa ganin ɗaya a Apapa a hannun wani tsohon makanike. Shan kwana kuwa sai da dabara: in an juya ta ɓangaren kwandon da gudu, kwandon na iya ɗagawa sama, shi ya sa na ciki yake jingina jikinsa waje. Taki amsar kuma: abin da ke hawa da sauka shi ne fistin. A babur na gaske fistin ke juya sarƙa, sarƙa ta juya ƙafa. A wannan an juya lamarin, hannunki ke tura ƙafa, ƙafa ta ja sarƙa, sarƙa ta motsa fistin. Gwaggo, shekara goma ina wannan abu, ba wanda ya taɓa yi mini tambaya a kansa sai ku. A ofis ɓoyewa nake.

Amma baƙin nan, ki bari in gaya miki yadda na same shi, wataƙila ki gane. Kukun wani Bature ne ya sayar mini da shi a cikin gwangwanin biskit, a wargaje, kusan kashi ɗaya cikin uku babu. Ba littafin da ke nuna yadda ake haɗawa, sai yagaggen murfin kwali mai hotonsa ta gefe guda. Da wannan hoton na yi ta gwadawa ina rushewa. Ɗaya gefen da ba ya cikin hoto, da kaina na ƙirƙiro shi. Duk Asabar ina yawon gwanjo, ina tona buhunan tarkace, masu kaya na yi mini kallon taɓaɓɓe. Sarƙar kaɗai ta ci shekara huɗu, ƙwaya-ƙwaya na haɗa ta. Ta ƙarshe a cikin kwanon maɓallai na tsince ta a kasuwar Yaba, matar ta ce in ɗauka kyauta, don ba ta san ko mene ne ba. Ranar da na tura shi fistin ya motsa, na zauna a ƙasa kamar yaro. Ba ni da mota, ba ni da fili, ban gina ko ɗaki ba. Abin da na fara da hannuna na kai ƙarshensa a garin nan, shi ke nan.

Na ji daɗin abin da kika faɗa game da Baba, Allah ya sani. Amma ina son abina. Ba sai an tara mutane ba. Ki same shi ku biyu, ki lallaɓa shi. Zan sayo masa rediyo babba mai kama tashoshin waje a madadinsa. Ke kin san bakin da yake ji.

Naki ɗa,
Salisu


Jiwa
27 ga Disamba, 1991

Ɗana Salisu,

Barka da zuwa ƙasarku. Godfrey ya ce an ba ka ɗaki biyu a Garki, hawa na uku, kuma ruwa na zuwa. Mun gode Allah. Mu ma mun yi Kirsimeti lafiya.

Ranar da shugaban ƙasa ya tare a Abuja, tun safe jirage ke wucewa ta kanmu, matasa duk suka tafi kallo. Na shiga na ce wa Yaya, ga gwamnati ta iso. Ya ce in ta gama sauke kaya ta zo ta gaishe shi. Yana can yana gwada wa tsofaffi yadda kwando ke ɗagawa a kwana, ya sa ƙwallon goriba a ciki a matsayin fasinja. Amsarka sau uku ya sa na karanta masa.

Na karanta labarin sarƙarka, kuma na gane. Na taɓa yin shekara ina saƙa mayafi ɗaya, na san yadda abu ke shiga ran mutum ta yatsunsa. Don haka na je. Sau uku ina zuwa. Na farko na yi maganar rediyo, ya ce kunnensa ya gaji da surutun duniya. Na biyu na zauna har shayina ya huce, muka yi hirar mutanen da suka mutu. Na uku na buɗe baki sosai zan faɗa, sai ya ce in miƙo masa gashin kaza. Na miƙa masa, na tashi na fito.

Ba zan iya ba, Salisu. Wana ne, shi ya goya ni zuwa makarantar mishan a kafaɗarsa lokacin da rafi ya cika. Kuma ko ya ba ni, tsofaffin nan za su zo washegari su ga benci wayam, kafin azahar duk Jiwa ta san Christina ta ba da kyauta ta dawo ta ƙwace daga hannun tsoho. Ina jin tsoron wannan, na faɗa maka gaskiya.

Wani abu kuma. Bunsurunka ya tafi. Yaya ya ce tunda ka shigo ƙasa ba ka iso ba, a yanka maka shi a Kirsimeti. Malam ne ya yanka don kowa ya ci, kuma kowa ya ci. Na soya maka cinya na ajiye a cikin mai.

Yanzu tsakaninka da mu bai kai tafiyar da kake yi zuwa ofis a Legas ba. Abinka ne, bakinka ne, babanka ne. Ka zo ka faɗa masa da kanka. Ni jibi zan tafi Sheda, matar Abraham ta sauka, zan zauna mata har ta yi arba'in. Kada ka ce gudu na yi. Ko da yake, in ka faɗa ma ba ka yi ƙarya ba.

Ka rubuto mini duk yadda kuka yi, kada ka rage komai.

Gwaggonka,
Christina


Garki, Abuja
12 ga Janairu, 1992

Zuwa ga Gwaggona Christina,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da jaririya. Allah ya raya ta. Ni lafiya, na fara sabawa da garin da ba a jin hon da asuba. Cinyar bunsuru ta iso cikina, na gode.

Jiya na je Jiwa. Kin ce kada in rage komai, to ga shi.

Na tafi da kwali a hannu, da auduga a ciki, don in ɗauko shi. A bakin ƙofa kunya ta kama ni, na ajiye kwalin a bayan rumbu. Na shiga na durƙusa. Baba ya tsufa ƙwarai, Gwaggo, ba ki gaya mini ya rame haka ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, ya tambayi ko gwamnati ta gama sauke kaya. Duk wannan lokaci idona na kan benci.

Ya ɗage hular da ya rufe babur ɗin da ita. Wallahi ko a ɗakina bai taɓa yin tsabta haka ba. Na duba shi gaba da baya, ba abin da ya ɓace. Ya nuna mini gefen hagu ya ce, "Wannan wajen ba hannun Bature ba ne. Ya fi ƙarfi, amma bai kai kyau ba." Na ce ni na yi. Ya ce ya sani, haka ubana ke ɗaurin jinka.

Muka yi ta hira a kan fistin har aka kawo kunu. Na shirya maganata tun daga Garki, amma duk lokacin da na ɗauko ta sai in sauya zance. Can ya ajiye kofinsa ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji:

"Ina kwalin da ka zo da shi?"

Na ce wane kwali.

"Wanda ka ɓoye a bayan rumbu. Taga na yana gani." Ya yi dariya har da tari. "Salisu, ni ba yaro ba ne. Christina ya zo nan sau uku, yana kallon babur, yana maganan rediyo. Mutum ba ya naɗe tsaraba da rigan jikinsa. Na sani ba nawa ba ne."

Na sunkuyar da kai. Na ce, Baba, ka yi haƙuri, na sha wahala a kansa ne.

"Na gani a jikinsa. Zan ba ka abinka."

Gwaggo, daɗi ya kama ni har na fara miƙewa in ɗauko kwali. Ya ɗaga hannu.

"Zauna. In ya fita ɗakin nan yau, gobe mutane za su tambaya, kunya kuma a kan ƙanwana zai sauka. Ba zan yi masa haka ba. Amma in ya fita kaɗan-kaɗan, ba wanda zai gani. Abin tsoho ne, za su ce yana lalacewa."

Ya jawo benci, ya sa farce a hankali ya ɓalle fitilar gaba, 'yar ƙaramar nan mai haske kamar ƙwayar masara. Ya buɗe tafina ya saka, ya rufe mini yatsu a kanta.

"Na yau ke nan. Asabar ka zo ka karɓi wani."

Na ce, "Baba, ɗaya-ɗaya?"

"Ɗaya-ɗaya."

Na ce, "Baba, ƙwayoyin da ke jikinsa sun fi ɗari huɗu fa."

Ya dube ni, ya dubi babur, ya sake rufe shi da hular ya gyara mata zama. Ya ce, "To, sai ka riƙa yi mini addu'a."

Na fito da kwalina wayam. A cikin motar dawowa na yi lissafin Asabar ɗin, ya kai wajen shekara takwas, kuma kin fi ni sanin shekarun Baba. Da farko haushi na ji, na ce tsohon nan ya yi mini wayo. Kafin mu iso Garki haushin ya tafi, wani abu ya maye gurbinsa, har na juya fuskata wajen taga don kada na kusa da ni ya gani.

Fitilar tana cikin kofi a kan teburina. Duk rayuwata in na samu ƙwaya ɗaya, ɗokin ta gaba nake yi, ina so abu ya cika. Wannan karon ina so in karɓe su duka daga hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshe, kuma ba na son ko ɗaya ta zo mini ta wata hanya.

Ki taya ni addu'ar, ke a cocinki ni a masallacina. Asabar zan koma.

Naki ɗa,
Salisu Kure